Mota na shaƙewa in ta ɗau lodi, wai sai an sauke injekta

Auwalu Howo:
Slm jama'ar gida, iyayena da yayyena barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema kafin in zuba kuɗin mutane a rijiya. Motar da nake ja Howo ce 371, mai injekta ta da (famfon da ke tura mai cikin inji), ba ta birenbos ba, wato ba kwamfuta ke sarrafa ta ba, yau kusan sati uku kenan ta hana ni sakat. Da safe ba ta tashi sai yaro ya bugi famfon hannu kamar sau talatin, in ta tashi kuma silo lafiya lau kamar ba ita ba, in ba kaya sai in je Daura in dawo ba ta ce uffan ba. Amma da an ɗora mata lodi shikenan. Shekaranjiya na ɗauko masara daga Ɗandume, na wuce Funtua na wuce Malumfashi lafiya, ina zuwa wajen Kankiya sai na ji totur ya zama kamar soso nake takawa, na sauko giya na ƙara saukowa har ta mutu a gefen titi. Muka zauna kamar minti goma, muka bugi famfo, ta tashi garau, kafin Charanchi ta sake. Sau huɗu ta yi min haka kafin in shigo Katsina. Filta na canza har sau biyu. Yanzu bakanikenmu ya ce a sauke injekta a kai Kano a ɗora ta a inji, a canza nozil shida, shi kuma maigida ya ce kar a taɓa mai mota sai an tabbatar. Ya zan yi?

Nura Mai'adua:
Wslm. Kai Auwalu gas ne kawai, a ina ka sha? In wurin ƴan bumburutu ne to ka sha kananzir da ruwa, ba sai an kai ka Kano ba

Auwalu Howo:
A gidan mai nake sha wlh, kuma ba wuri ɗaya ba, na canza har uku duk haka take yi

Habu Ɗan Haɗeja:
Motar ce ta gaji da ɗaukar Bakatsine, ku ba Bahaɗeje mukulli ku ga aiki hhh

Auwalu Howo:
Habu bawana ka bari in fita daga wannan tukuna, zan waiwaye ka

Shamsu Funtua:
Ni ina zargin tabo, abin nan da ke matso iska cikin inji. Tawa ta taɓa yin haka a hawa, ashe tiyon intakula ne ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani

Baba Sale Ƙofar Ƙaura:
Auwalu ɗana, kafin kowa ya ƙara faɗin nashi, amsa mani abu ukku. In ta fara rage ƙarfi, wane irin hayaƙi take yi a salansa? Na biyu, in ta mutu ka je bugun famfon hannu, kana jin shi da tauri ko kuwa sakwaf yake sai ka daɗe kana bugu? Na ukku, in ka buɗe murfin tanki lokacin da ta mutu kana jin yana jan iska?

Auwalu Howo:
Baba barka da dare. Hayaƙi kam babu, sai ɗan fari-fari kaɗan dab da za ta mutu. Famfo kuma wani lokaci sakwaf, wani lokaci in ka ja shi sama sai ka ji kamar yana jawo hannunka ya koma ƙasa da kanshi. Murfin tanki ban taɓa lura ba gaskiya

Baba Sale Ƙofar Ƙaura:
To Shamsu a ajiye maganar tabo. Motar da iska ta gaza mata, ko tabo ne ko tiyo ko filtar iska ta toshe, baƙin hayaƙi take zubarwa kamar ana ƙona taya, saboda mai yana zuwa amma ba iskar da za ta cinye shi. Wadda ta rage ƙarfi salansa tsaf ba hayaƙi, wannan yunwa take ji, mai ne ba ya isa. Kuma wanga da ka ce famfo yana jawo hannunka, shi ne babban labari, ma'ana ƙaramin famfo yana zuƙa amma wani abu ya tare hanya tsakaninshi da tanki. Kar ka bari a sa sifana a jikin injektar nan tukuna.

Oga Lawal Mai Nozil:
Baba ranka ya daɗe ban ƙi taka ba, amma kar mu wanke injekta da wuri. Ni aikina kenan kullum, motocin nan na Chana da irin gas ɗin da muke sha, fulanja, ƙarfen da ke matsa mai cikin injekta, tana cinyewa, in ta cinye kuma mai ya yi zafi ya tsinke sai ya riƙa zillewa ta gefe maimakon ya tafi nozil, ƙarfi ya ragu. Na sha gani

Baba Sale Ƙofar Ƙaura:
Lawal gaskiya ka faɗa, amma ɗiba da kyau. Injektar da fulanjarta ta cinye, da safe mai na da sanyi da kauri tana tashi, in ta yi zafi ka kashe ne take ƙin tashi sai ta huce sosai. Ta yaron nan da safe take gardama, kuma in ta mutu a hanya minti goma da bugun famfo ta tashi garau. Injin da ya ja lodi daga Ɗandume zai huce cikin minti goma? Fulanja ba ta warkewa don ka sha ruwa a gindin bishiya.

Oga Lawal Mai Nozil:
Hhh Baba ka kama ni a nan. Amma dai in ya ci gaba da tafiya da ita a haka wurina za ta ƙare, don gas ɗin da ke cika cikin injekta shi ke sanyaya fulanja shi ke zame mata maiƙo, in tana aiki rabi mai rabi iska gogewa take yi

Injiniya Mubarak:
Yaya Auwalu ka kawo ta gobe in jona mata kwamfuta mu ga firesho, minti biyar ne, duk wannan hasashen ya ƙare

Nura Mai'adua:
Injiniya a ina za ka jona? Ya ce maka ba ta da birenbos. Ko a hancin direba za ka soka wayar 😂

Injiniya Mubarak:
Afuwan ban karanta farkon da kyau ba, na ɗauka komon rel ce, irin ta zamani mai birenbos. To a wannan kam geji ne maganinta, a ɗaura shi a bakin shiga injekta bayan filta

Alh. Musa Mai Motoci:
Ni bari in faɗi abin da ba ku so. Tun 2022 da gas ya yi tashin gwauron zabi rabin ciwon motocinmu daga hannun direbobi yake. A ba mutum kuɗin lita 300 ya sha 200, ya cike da abin da Allah kaɗai ya sani a bakin hanya, ko ya zuƙe na tanki da daddare ya sayar, in mota ta tsaya a ce injekta. Ban ce kai ba Auwalu, amma abin da ke faruwa kenan

Nura Mai'adua:
Alhaji da girmanka, ku ma masu motoci sai filta ta shekara kuna cewa a wanke ta da fetur a mayar. Nawa ne kuɗin filta nawa ne kuɗin injekta? In direba ya ce a yi sabis sai ku ce so yake ya ci kuɗi

Shamsu Funtua:
Wlh Nura ka faɗi gaskiya, akwai wanda na yi wa aiki sai da na riƙa sayen filtar ruwa da kuɗin abincina

Alh. Musa Mai Motoci:
To ai shi ya sa na ce rabi, ban ce duka ba

Malam Kabir Sakatare:
Jama'a dan Allah a dawo kan motar Auwalu, rigimar direba da mai mota ba a gama ta a daren nan. Baba muna saurare

Baba Sale Ƙofar Ƙaura:
Yawwa Malam Kabiru. Auwalu ka saurara, hanyar mai a motarka kashi biyu ce. Akwai ɓangaren da ba ƙarfi, daga tanki zuwa filtar ruwa zuwa ƙaramin famfo da ke manne a jikin injekta zuwa manyan filtoci zuwa cikin injekta, nan abin da ake nema bai wuce bar 1 zuwa 2 ba, ya danganta da injin. Sannan akwai ɓangaren ƙarfi, daga fulanja ta bututun ƙarfe zuwa nozil, can ne ake maganar bar ɗari biyu da wani abu kafin nozil ya buɗe. Mutane da sun ji an ce firesho sai hankalinsu ya tafi can wurin tsada, alhali ƙaramin shi ke ciyar da babban.

Abin da za ka yi gobe bai kai kuɗin shayi ba. Sami jarka mai lita 25 mai tsabta, cika ta da gas mai kyau, ɗaure ta da kyau bayan kai. Cire tiyon da ke zuwa daga tanki a bakin ƙaramin famfo, sa sabon tiyo daga jarka kai tsaye. Kar ka manta da tiyon da ke maido mai, shi ma ka sa shi cikin jarkar, in ka bar shi yana komawa tanki kafin ka bar gari jarka ta ƙare ka ce na yaudare ka, don abin da famfo ke ja ya fi abin da injin ke ƙonawa nesa. Fitar da iska, ka ja ta da lodinta. In ta tafi lafiya to ciwon na baya ne, tanki ko layi. In ta shaƙe a jarka ma, sai mu matsa gaba mu ɗiba ƙaramin famfo da bawul ɗin da ke bakin komawa. Kuma ka sa ɗan guntun farin tiyo wanda ake ganin ciki kafin injekta, ka ga ko kumfa na wucewa.

Auwalu Howo:
Ngd Baba Allah ya ƙara girma. Gobe dama zan kai kayan Mai'adua, zan gwada a hanyar Daura

Shamsu Funtua:
Tunda an taɓo maganar, Injiniya ni ma ina da tawa. MAN TGA ce komon rel, in na taka sosai a hawa sai fitila ta kawo a dashbod ƙarfi ya yanke kamar an riƙe ta ta baya, amma ba ta mutuwa, in na kashe na sake tayarwa sai ta dawo daidai. Ita ma jarkar zan yi mata?

Injiniya Mubarak:
Yawwa wannan ita ce gonata. Yaya Shamsu jarka tana aiki a kowace mota don ita ma komon rel tana da ɓangaren da Baba ya faɗa, kuma nan ake farawa, amma taka tana da bakin magana, ita za ta faɗi abin da ke damunta. A komon rel babban famfo yana tara mai ne a bututu ɗaya mai kauri, duk nozil shida daga nan suke sha, akwai sensa a jikin bututun tana gaya wa birenbos nawa ne a ciki. Irin injin D20 na TGA yana kaiwa bar 1,600 in ana aiki sosai. In na jona kwamfuta lamba biyu nake kallo gefe da gefe, abin da birenbos ke nema da abin da ake samu a zahiri. A silo za ka ga suna tafiya tare, sai an hau hawa da lodi ne za ka ga na nema ya haura na samu ya maƙale a baya, da tazarar ta yi yawa sai birenbos ya rage ƙarfi don ya kare injin, shi ne abin da kake ji kamar an riƙe ka. Shi ya sa gwajin a tsaye cikin gareji ba ya nuna komai, dole in shiga motar mu tafi tare.

A manyan motoci da yawa lambar SPN 157 tana nufin firesho na wannan bututun, SPN 94 kuma na ɓangaren ƙaramin famfo, a ƙanana irin su Hilux za ka ga P0087 in ya yi ƙasa, P0088 in ya yi yawa. Amma lamba ba ta cewa ga abin da ya lalace, cewa kawai take firesho ya gaza. Wasu da sun ga lambar sai su sayi sensa, a sa sabuwa, ta sake faɗin gaskiyar da tsohuwar ta faɗa

Shamsu Funtua:
Kai Injiniya kamar kana wurin, sensar ma na canza wata biyu da suka wuce hhh

Injiniya Mubarak:
Ka gani ko. Abu ne ɗaya cikin biyu, ko mai ba ya isowa babban famfo, ko yana isowa ana matsa shi amma yana zurarewa ta wani wuri. Zurarewar kuma ko ta nozil ɗin da ya cinye yana maido mai da yawa ta layin komawa, ko ta bawul ɗin kariya da ke ƙarshen bututun. Shi wannan bawul a rufe ya kamata ya zauna, in ya taɓa buɗewa sau da yawa bakinshi ya kan lalace ya riƙa yoyo, ka taɓa bututun komawarshi bayan ta yi aiki, in ya fi sauran zafi sosai to mai na bi ta nan. Na nozil kuma da kwalabe ake gane shi, kowane nozil a ba shi kwalbarshi da tiyo a bar injin ya yi aiki, wanda kwalbarshi ta riga saura cika nesa ba kusa ba shi ne ɓarawon. A wasu injinan komawar ta cikin kan silinda take bi, nan sai a riƙa toshe su ɗaya bayan ɗaya da abin toshewa na musamman ana kallon lamba. Haka in mota tana juyawa ta ƙi tashi, ka kalli lambar lokacin kik, in ba ta kai wajen bar 200 zuwa 300 ba birenbos ba zai ba nozil izinin fesawa ba ko batir zai ƙare

Oga Lawal Mai Nozil:
Ƙari a kan na Injiniya, Shamsu in ka cire tsohuwar filta kar ka jefar, yanka ta ka baza takardar a rana. In ka ga abu na ƙyalli kamar an barbaɗa garin azurfa to ƙarfe ne, babban famfo ya fara cin kanshi, kuma garin nan ya riga ya zaga ya koma har tanki. Wanda ya sa sabbin nozil bai wanke tanki da layi ba, wata ɗaya zai dawo yana zagina wai na sayar mai jabu

Baba Sale Ƙofar Ƙaura:
Kuma ku yaran gareji da ke cikin gidan nan kuna karantawa ba ku magana, ku ji da kyau. Abin da muka saba a tsofaffin motoci, a sassauta goron bututu a ga ko mai na fita, kar wanda ya yi shi a komon rel injin na aiki. Kar kuma a bi bututu da yatsa ana neman yoyo. Na ga yaro da idona, ɗan huji ne kamar na allura a yatsa ko jini bai yi ba, ya goge a wando ya ci gaba da aiki, kwana biyu hannu ya kumbura kamar tulu sai da aka yi mashi aiki a asibiti, da ƙyar aka ceci yatsan. Gas ya shige ƙarƙashin fata. Kwali ake karawa a ga inda ya jiƙe, kuma wanda abin ya sama asibiti a ranar, ba kemis ba.

Habu Ɗan Haɗeja:
Subhanallah. Allah ya kiyaye

Nura Mai'adua:
Ni dai har yanzu ina kan bakana a duba gas ɗin. Auwalu gobe ka kwance ƙasan filtar ruwa ka tara a gorar ruwa fara ka ajiye ta minti biyar, in akwai ruwa za ka ga ya kwanta a ƙasa gas na sama. Damina ce fa yanzu

Auwalu Howo:
In sha Allah duk zan yi. Sai da safenku

Auwalu Howo:
Slm barkanmu da yamma. Ga rahoto. Na yi yadda Baba ya ce, jarka bayan kai, tiyo biyu a ciki. Wallahi tallahi daga Katsina har Mashi da cikakken lodi ko tari ba ta yi ba, totur ya dawo ƙarƙashin ƙafata kamar sabuwa, har na ji kunyar zagin da na yi mata. A Mashi jarka ta kusa ƙarewa sai na maida tiyon tanki, ban kai Shargalle ba ta fara halinta, farin tiyon nan ina kallo kumfa na gudu a ciki kamar lemon kwalba. Da ta mutu na yi sauri na je na buɗe tanki, sai ji na yi fuuuu yana jan iska, har tankin ya yi ƙara ɓam kamar an saki gwangwani. Nura gorarka ma na yi, akwai ruwa amma kaɗan, bai fi cokali biyu ba

Baba Sale Ƙofar Ƙaura:
Alhamdu lillahi. Injekta ta kuɓuta. Yanzu faɗa mani gaskiya, mi ke ƙarƙashin murfin tankin nan?

Auwalu Howo:
Baba kamar ka sani. Leda ce. Robar murfin ta lalace tun kafin azumi yana zubar da gas in an cika, sai yarona ya riƙa ninka baƙar leda yana shimfiɗawa a baki kafin ya murɗa murfi, in ta yage ya sa wata

Nura Mai'adua:
Innalillahi 😂😂 wato tankin kuka shaƙe wa wuya

Baba Sale Ƙofar Ƙaura:
Murfin yana da ɗan hujin numfashi, duk litar da ta fita dole iska ta shiga ta maye gurbinta. Kun toshe shi. Ba lodi mota na shan mai kaɗan, ɗan abin da ke sulalewa ta gefen leda ya ishe ta, da lodi kuwa tana ja da yawa sai tanki ya riƙe, famfo na ja tanki na ja, ƙarshe sai ya fara zuƙo iska ta duk inda ya sami sako-sako. In ka tsaya minti goma iska ta sulala ciki sai ta tashi. Amma kar ka yi murna tukuna, ledojin da ka ce suna yagewa, ina gutsattsarin suke zuwa? In ka sauke kaya ka zo gareji da safe a zare bututun cikin tanki.

Oga Lawal Mai Nozil:
Shikenan an hana ni cinikin nozil shida. Allah ya isa tsakanina da leda hhh

Alh. Musa Mai Motoci:
Kun ga abin da nake faɗa, murfin nawa yake?

Auwalu Howo:
Alhaji sau biyu ina faɗa wa maigida maganar murfin, ya ce a lallaɓa

Alh. Musa Mai Motoci:
To na janye, wannan karon namu ne

Malam Kabir Sakatare:
A rubuta ranar nan, Alhaji Musa ya janye magana

Auwalu Howo:
Jama'a barka da rana, yanzu muka gama a wurin Baba. Abin da idona ya gani sai dai hoto, zan turo in caji ya samu. Da aka zaro bututun tanki, ragar da ke bakinshi ta ƙasa ba ka ganin ƙarfenta, leda ta naɗe ta kamar an ɗaure ƙullin gishiri, ga wani baƙin abu mai yauƙi kamar miyar kuka da ta kwana. Baba ya ce wannan yauƙin a tsakanin ruwa da gas yake tsirowa in ruwa ya daɗe kwance a gindin tanki. Muka sauke tankin aka wanke, leda guda bakwai muka ƙirga har da hancin buta na roba wanda ban san yadda aka yi ya shiga ba. Sannan akwai wata ƴar raga ƙarama kamar kan yatsa a bakin shiga ƙaramin famfo, ni shekara huɗu ina jan motar nan ban san da ita ba, ita ma cike take taf, wato filtocin da nake ta canzawa duk suna bayanta ne, dattin bai ma isa wurinsu ba

Shamsu Funtua:
Ikon Allah. To gardamar safe fa? Ai da safe tanki ya riga ya huce

Baba Sale Ƙofar Ƙaura:
Shamsu ka yi tambaya. Wannan ciwo na biyu ne daban, shi ya sa abin ya rikita bakaniken nasu, kuma ban ga laifinshi sosai ba. Bayan mun wanke komai na ɗaura geji a bakin injekta, a silo allura na rawa wajen rabin bar, in an taka sai ta ɗan ɗaga ta faɗo, da aka kashe injin kuwa nan take ta kwanta sifili. Na matse tiyon komawa da filaya na ɗan lokaci kaɗan, allura ta haura, ka ga ƙaramin famfo na da ƙarfinshi kenan, mai riƙewa ne ba ya riƙewa. Na kwance bawul ɗin bakin komawa, wanda ke kama da noti mai rami, ciki ɗan ƙwallo ne da sifirin, sifirin ɗin ya karye biyu. Ga kuma woshar tagulla ta wajen famfon hannu an maimaita ta har ta zama kamar takarda. Nan ba ya ɗigar da mai da za ka gani, don wurin zuƙa ne, iska yake sha. Cikin dare iska ta shiga ta nan mai ya sulale ya koma tanki, da safe layi wayam sai an yi ta bugu. Mun sa sabon bawul da wosha huɗu, geji ya zauna wajen bar ɗaya da rabi ba rawa.

Injiniya Mubarak:
Baba wannan matse tiyon a tsohuwar mota kawai ko? Kar wani ya je ya yi a komon rel

Baba Sale Ƙofar Ƙaura:
Ƙwarai kuwa, a taku in ka toshe komawa sai ka fasa sil ko ka lalata nozil. Ko a tamu ma daƙiƙa biyu ukku ne ka saki.

Oga Lawal Mai Nozil:
Auwalu duk da haka sati ukun da ta yi tana shan iska ba alheri ba ne, ka sa ido, in ka ga ta fara ƙin tashi da zafi ko hayaƙi ya canza ka leƙo a duba, ba don ciniki na faɗa ba

Habu Ɗan Haɗeja:
Don ciniki ne

Auwalu Howo:
Hhh Oga Lawal na ji kuma zan kiyaye. Gobe da asuba ne za a san gaskiyar maganar safe, na hana yaro taɓa famfon hannu

Shamsu Funtua:
Injiniya ranar Asabar zan shigo Katsina da siminti, in na sauke ba lodi kenan, ya za a yi gwajin?

Injiniya Mubarak:
Kar ka sauke, kira ni tun kana Kankiya in same ka a Charanchi mu shigo tare ina kallon lambobin. Kuma ka taho da tsohuwar filtar in ba ka jefar ba

Auwalu Howo:
Slm. Ƙarfe 5:40, kik ɗaya ta tashi, ko famfo ba a kalla ba. Na sayi murfi sabo da kuɗina, maigida ya ce zai biya in na dawo daga Ɗandume, ku zama shaida

Nura Mai'adua:
Mun shaida, amma ka riƙe rasit

Baba Sale Ƙofar Ƙaura:
Madalla. Auwalu sifana mai lamba 17 da filayata suna cikin akwatin motarka, yaronka ya kwashe da kayanku. Ka aje mani wurin mai shayin bakin gareji kafin ka kama hanya, akwai DAF da ke jirana tun jiya.